Ƙashin Da Ya Karye a Hannunta

"Ku ɗaga ta daga kan mijina! Za ta kashe shi!"

Auta ta ji ihun, amma ba ta ɗago ba. Gwiwarta ɗaya na kan gado, hannayenta biyu a tsakiyar ƙirjin dattijon, tana dannawa da iya ƙarfinta, gumi na ɗiga daga haɓarta.

Ƙas!

Wani abu ya karye a ƙarƙashin tafin hannunta. Har cikin kafaɗunta ta ji shi.

"Ci gaba!" Babbar Sista ta daka mata tsawa tana turo keken kayan aiki. "Kar ki tsaya!"

Ta ci gaba. Duk dannawa sai wani sauti ya fita daga bakinsa kamar nishi. Likita ya iso a guje, aka yi allura, aka yi duk abin da za a yi. Daga ƙarshe ya dafa hannunta ya ce, "Bari haka nan. Ya cika."

Sai a lokacin ta waiga. Hajiya, matar mamacin, ta zube a bakin ƙofa. Wanda ke riƙe da ita kuwa ɗanta ne, Injiniya, mutumin da Auta ke shirin aura.

Auta ko wata ɗaya ba ta cika ba da fara aikin jinya. A makaranta da mutum-mutumin roba suka koyi danna ƙirji in zuciya ta tsaya, shi kuwa roba ba shi da ƙashi, ba shi da mata a bakin ƙofa. Ranar da aka kwantar da Baba a ɗakin da take aiki, Injiniya har murna ya yi.

"Ga surukarsa a kansa, me kuma zai dame mu?"

Shi ma Baban da ya hango ta sai ya washe baki, "Ga likitar gidanmu!" Ita kuwa ko na'urar awon jini ta ɗauko sai ta yi addu'a a ranta kada ta kwafsa. Da tsakar ranar nan awon ta zo yi masa, ta tarar babu numfashi, babu bugun zuciya.

Da ta je gidan su Injiniya gaisuwa, ko zama ba ta yi ba Hajiya ta nuna mata ƙofa.

"Fita! Kin karya masa ƙirji yana nishi, ina ji ina gani!"

"Umma, don Allah..." in ji Injiniya.

"Rufe min baki! In ka auri wannan, ban yafe maka ba!"

A gefen Hajiya akwai Gimbiya, ɗiyar ƙawarta, mai aiki a ɗakin magani na asibitin. Ta daɗe tana harin Injiniya, yau kuwa faɗuwa ta zo daidai da zama. Tana yi wa Hajiya fifita tana magana ƙasa-ƙasa, amma yadda kowa zai ji.

"Sabuwa ce fa, Hajiya. Da Baba ta koyi aiki. Ni da nake ciki na san abin da ake rufewa."

Tun daga ranar ƙarar nan ta ƙi barin Auta. A motar haya wani ya lanƙwasa yatsunsa suka yi ƙara, sai da ta sauka ba a kai unguwarsu ba. Ƙanwar babanta ta karya tsinken tsintsiya, Auta ta saki kofi ya fashe. A wurin aiki in ta ɗauki sirinji hannunta rawa yake, har wata tsohuwa ta janye damtsenta ta ce, "'Yar nan, kira min babba." Ba tsinuwar Hajiya ce ta fi cin ranta ba. Nishin ne. In da ransa fa? In yana jin komai, bakinsa ne kawai ya kasa cewa ta bari?

Injiniya bai daina kira ba.

"Nas ɗina... kin ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya kike, muryarki ta nuna. Na je wajen likita, ya ce ba ki da laifi."

"Umma fa?"



"Ta ce likita ba zai tona asirin 'yar gidansu ba. Ba na iya saɓa mata, rabin raina. Ke ma kuma ba na iya barinki."

"To ka bar ni mana," ta faɗa hawaye na zuba. "Ni kaina ban yarda da hannuna ba."

Babbar Sista ce ta ritsa ta wata safiya a ɗakin ajiye kaya, tana tsaye ta ƙura wa hannayenta ido.

"Ke, zo nan. Fatalwa kike so ki zame mana?"

Auta ta fashe da kuka ta tambaye ta abin da ta kasa tambayar kowa. Matar ta zauna a kan kwali ta yi ajiyar zuciya.

"Laifinmu ne da ba ma gaya muku. Ƙashin tsoho yakan karye, in dai kin danna yadda ya kamata. Ni na farkon da na yi, sai da na yi amai a bayan ɗaki. Nishin kuwa iskar huhu ce kike korowa. Ni ma na taɓa wuyan dattijon da na shigo. Ya riga ya yi nisa, 'yata."

Maganar ta rage mata nauyi, amma ba ta dawo mata da Injiniya ba. Watanni suka shuɗe. Har ta fara jin ƙishin-ƙishin ɗin cewa Gimbiya ta zama 'yar gida a wajen Hajiya.

Wata rana da hantsi tana jera magunguna aka ce tana da baƙi. Ta fito ta gan su a baranda. Injiniya ya rame. Hajiya kuwa ta fi shi, idanunta sun zurma.

"Ba ta barci," ya ce a hankali. "Ta ce sai ta gan ki."

Auta ta durƙusa. Ta shirya wa zagi, ta shirya wa mari.

Hajiya ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin da mijinta ya kwanta. Da ta buɗe baki, muryarta ba ta faɗa ba ce.

"Kowa na tambaya, ba ya kusa da shi. Ke ce a kansa. Ki ji tsoron Allah ki gaya min... ya ji zafi?"

"A'a, Umma. Wallahi bai ji ba. Kafin in taɓa shi zuciyarsa ta riga ta tsaya."

"Nishin fa? Kullum in na rufe ido shi nake ji!"

"Iska ce take fita in na danna. Ba shi ba ne."

"To da kika ji ya karye, me ya sa ba ki bari ba?"

"Ban yarda ya tafi ba ne, Umma. So nake ya dawo, ko da zai tashi ya yi min faɗa." Ta dubi hannayenta. "Shi bai ji komai ba. Ni ce nake ji har yau."

Hajiya ta lalubi benci ta zauna. Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ya daɗe a maƙale. Injiniya ya matso, ta ɗaga masa hannu ya tsaya.

"Ashe ba ni kaɗai nake jin sa ba," ta ce.

Ta miƙo hannu ta kamo na Auta, duka biyun. Ta juya su tana kallo, ƙanana ne.

"Dukanmu ihu muka tsaya yi. Ke kaɗai kika yi kokawa a kansa, ni kuma ina tsine miki."

"Umma, ki yafe min..."

"Yi shiru. Ni zan nema."

Ta share fuskarta da gefen mayafi, ba ta saki hannun Auta ɗaya ba. Sannan ta harari ɗanta, wanda ke tsaye yana goge ido kamar ƙaramin yaro.

"Kai kuma ka tsaya kana kallonmu? Je ka roƙar mata izini wajen shugabarsu. Gidansu za ka kai ni, tunda da bakina na kore ta, da ƙafata zan je in nemo maka ita."