Gwajin Wuƙa a Hanyar Ambursa

Labbo maharbi mutum ne da ko gishiri aka ba shi sai ya lasa kafin ya yarda gishiri ne. Wuƙarsa ta farauta ta karye a ƙota yana cikin fiɗar gada, don haka ya wuni a kasuwar Birnin Kebbi yana neman wata. Wannan ta yi sanyin ƙarfe, waccan ƙyalli kawai, waccan kuma mai ita ya cika murmushi. Haka ya hau babur ya nufi gida Ambursa hannu rabbana.

Rana ta yi ja ya iso gefen fadama. Nan ya ga wani tsoho zaune bisa buzu, ya jera wuƙaƙe. Ba gari kusa, ba mai wucewa. Labbo ya ce a ransa kayan sata ne. Duk da haka ya tsaya, don idonsa ya faɗa kan wata baƙa.

"Mi kaka nema?" in ji tsohon, a hankali.

"Wuƙa ta ƙwarai. Ba irin ta yankan albasa ba."

Ya ɗauki baƙar. Ƙarfenta ya ratsa ƙotar har ƙarshe, an ɗaure shi da ƙusa. Bayanta da kauri, tsininta ba ya lanƙwasa. Ya ƙwanƙwasa ta da farce, ta amsa da amo mai tsawo. Bai sami aibi ba, abin ya ƙara ba shi haushi.

"Wagga ba a sayenta sai an gwada," tsohon ya raɗa. "Ga hannunka nan."

Gwajin maharba ne, kowa ya sani. Labbo ya naɗe hannun rigarsa na hagu, ya ja kaifin a damtsensa. Gashi ya zubo bisa buzun.

"Nawa ta?"

"Ai kana cikin biya."

Sai a lokacin ya lura kwaɗi sun yi tsit. Wani ƙarni ya taso, irin na laka mai daɗewa a ƙasan ruwa.

Tsohon ya lashi yatsa. Ya dangwali gashi ɗaya, ya kai baki.

Ƙaramin yatsan Labbo ya mutu. Sanyi ƙalau, kamar ba nasa ba.

Tsohon ya sake dangwala. Yatsan da ke kusa da ƙaramin ya bi.

Tsoro ya kama Labbo, tsoro na gaske. Sauran gashin na nan birjik, isasshen da zai kashe hannun har kafaɗa, har wuya.

Yatsan tsohon ya sake sauka.

Labbo ya yar da wuƙar, ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya hure buzun da iyakar numfashinsa. Gashin ya watse cikin ciyawa.

Tsohon ya kifa da rarrafe yana shinshina ƙasa, harshensa na jan ƙasa.

Labbo ya haye babur, hannun ya kasa matse kuloci. Ya bar babur ɗin nan ya zura da gudu, ba waiwaye, har ya jiyo kiran salla daga Ambursa.

Da safe aka ɗauko babur ɗin. Ba buzu, ba sawu, sai ciyawar wurin da aka lashe ƙwal.

Yatsun nan biyu ba su dawo ba, kuma hannun bai ƙara riƙe bindiga daidai ba. Labbo ya bar farauta. Yanzu in wanzami ya gama yi masa aski, da kansa yake durƙusawa ya tsince gashinsa, ya kai gida ya ƙone.