Nauyi Ba Ya Kai Saƙo

Ranar da suka fara haɗuwa, lissafinta ta tarar ya goge daga allon ofis.

"Wane marar tarbiyya ne ya taɓa min allo?"

"Shara na gani na share," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

Ai kuwa daga nan aka ƙulla gaba. Su biyun masu binciken fiziks ne, kuma abu ɗaya suke haƙo: a ka'idarsu kowace ƙwayar zarra tana da abokiyar zama daidai da ita, sai dai daidaiton ya karye a wani ɓoyayyen sashe. To me ke kawo karyewar zuwa inda muke? Ita ta ce wasu ƙwayoyi ne, 'yan aike. Shi ya ce ƙarfin nauyi kaɗai ya wadatar. Ta sa masa Malam Nauyi, ya sa mata 'Yar Aike. Kullum alli na karyewa, shayi na hucewa, suna cacar baki.

Ni dai na san mutumin ya daɗe da kamuwa, girman kai ne ya rufe masa baki.

Da labari ya bazu wani likita na neman aurenta, sai ga saƙo:

"'Yar Aike, wallahi ina son ki. Nauyinki nake ji, shi ya sa ban faɗa ba."

Ta mayar nan take: "Sannu, matsoraci. Tun yaushe nake gaya maka nauyi ba ya kai saƙo? Turo 'yan aike."

Ya turo kawunnansa. Mahaifinta ya ce atafau.

"Wannan da kike zagi kullum a kan tabarmar nan? Jiya jaki kika kira shi!"

"A lissafi ne, Baba."

"Likitan fa? Ban taɓa jin kin aibata shi ba."

Mahaifiyarta ta leƙo daga kicin. "Ka taɓa jin ta ambace shi ma?"

Nan tsohon ya sauko, ya ce Allah ya sanya alheri.

Bayan ɗaurin aure ta tare ango a ƙofar ɗaki, idonta ya ciko don murna.

"Faɗi da bakinka. Wa ya yi gaskiya?"

"A lissafi har gobe kin ɓata, masoyiyata."

"A nan fa?"

"A nan 'yan aike ne suka cece ni."

Ta matsa masa ya shiga. Allah ya ba su zaman lafiya, allo kuwa kowa da nasa.