Hannun Sarkin Aska

"Kubra! Me ya fito da ke, ke da kike jego?"

Sunusi ya miƙe zumbur daga dakalin zaure, har kwandon tumatirin da ya kawo wa surukansa ya kusa kifewa. Matarsa ce tsaye a bakin ƙofar cikin gida, ta lulluɓa da zanen gwaggonta, idanunta sun yi jajir.

"Yaya, yi a hankali. Gwaggo Iyatu ta zagaya dafa ruwan wanka, kafin ta dawo sai na koma."

"To mene ne, abar ƙaunata? Yaron ne?"

Ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, bai kamata ma a ji zancensa a bakinta ba. Tun da ta haihu a nan gidan mahaifinta, in an miƙo mata shi sai ta kau da kai saboda idon mutane. Amma in ɗaki ya rage daga ita sai shi, ba ta iya ɗauke ido daga kansa.

"Jibi suna," ta ce. "Baba ya ce shi da kansa zai yi masa tsagar gado, ya cire masa belu."

"To ai gata ne! Sarkin Aska guda..."

"Hannunsa rawa yake yi, Yaya."

Sunusi ya koma ya zauna a kan dakalin.

Malam Hambali, mahaifin Kubra, shi ne Sarkin Askar wannan yanki. Daga ƙauyensu har Kura da wuya ka shiga gidan da babu aikin askarsa a fuskar wani. Sai dai tun damina Kubra ta lura in zai sha fura sai ya tallafi hannun dama da na hagu. Ba wanda ya tanka. Ana nan ya cire wa jaririn maƙwabciyarsu Fatu belu, jini ya ƙi tsayawa, daga baya yaron ya daina kama nono, jikinsa ya sandare. Kafin a sami motar kai shi asibiti ya cika. Mutane suka ce kwana ne ya ƙare.

Bayan nan ne duba-gari ya tara wanzamai a Bunkure. Ya ce kowa ya riƙa dafa askarsa, kowane jariri da sabuwar rezarsa, belu kuma a bar wa yara abinsu. Malam Hambali ya saɓa zabirarsa ya fice, yana cewa yaron da shi ya yi wa kaciya ba zai koya masa riƙon aska ba.

"Kubra, me kike so in yi?" Sunusi ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "In dubi tsabar idon surukina in ce hannunsa ya tashi aiki? Mutumin da ya ba ni ke?"

"To ni zan faɗa masa!"

"Ke? A kan ɗan fari? Garin nan sai ya ɗauke ki da baki."

"Su ɗauka! Ni na ga ɗan Fatu, Yaya, a hannuna aka ba ni shi..." Kuka ya ci ƙarfinta. "In wani abu ya sami yaron nan ba zan iya sake duban Baba ba. Kai ma... kai ma ban san da idon da zan dube ka ba."

Ya buɗe baki ke nan suka ji muryar Gwaggo Iyatu tana ƙwala mata kira. Ta juya da sauri. Ta ji fitar kekensa, bai ce mata ko sai anjima ba.

Yinin ranar Kubra ba ta san inda za ta sa kanta ba. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa yaron, ta koma. Kunun kanwa ya huce a gabanta. Ƙarar manyan motoci masu lodin tumatir a bakin kanal ɗin ruwan noman rani ma sai ta ji kamar a tsakiyar kanta suke wucewa. Ta ji haushin Sunusi, ta ji tausayinsa, ta sake jin haushinsa. Daga zaure kuwa sautin wasa aska yake shigowa, Baba yana shirin jikansa.

Washegari da hantsi ta ji sallamar mijinta. Ta lallaɓa ta laɓe a bayan ƙyauren zaure.

Sunusi ya durƙusa ya gaida surukinsa, sannan ya cire hularsa.

"Baba, gobe taro, ga kaina ya yi suma. Na zo a taimaka mini da aski."

Dattawan da ke zaune suka dubi juna. Yaushe suruki ya fara miƙa wa uban matarsa kai?

"Wanzamai sun ƙare a Bunkure ne?" in ji Malam Hambali.

"Ba su ƙare ba, Baba. So nake hannun da zai taɓa yaron gobe ya fara taɓa ni yau."

Tsohon ya daɗe yana dubansa, Kubra ta ga jijiyar wuyansa tana motsi. Sai ya jawo zabira.

"Matso."

Ya jiƙa kan, ya murza sabulu, ya ɗora aska. Jan farko ya tafi sumul. Na biyu ma haka. Kubra ta fara sauke numfashi, sai ta ga bakin askar ya soma karkarwa. Tsohon ya cije leɓe, ya ƙara matse ta, rawar ta ƙaru. Askar ta zame ta shige saman kunnen Sunusi. Jini ya gangaro ta wuyansa ya sauka a farar rigarsa, shi kuwa ko gezau bai yi ba.

"Baba!"

Ba ta san lokacin da ta faɗo zauren ba, ko mayafi babu. Ta yaye ɗankwalinta ta danne ciwon, tana kuka. Dattawan suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya.

Malam Hambali bai dube ta ba. Hannunsa yake kallo, yana ta rawa a kan gwiwarsa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun damina, Baba."

"Ɗan Fatu..." Ya kasa ƙarasawa. Hawaye ya bi tsagar kumatunsa ya shige gemu.

Can ya share fuska, ya dubi surukinsa. "Tashi ka hau kekenka ka tafi Bunkure su yi maka allura. Askar nan ban dafa ta ba. In ka fito ka biya wa Tambaya, yarona na da, ka ce gobe ya zo da sabuwar reza. Aski kawai zai yi wa jikana. Tsaga da belu na yafe."

Da la'asar Sunusi ya dawo, rabin kai a aske, rabi da suma, ga filasta manne a gefe. Gwaggo Iyatu da kanta ta turo Kubra zaure, tana mita.

"Yaran bakin kanal har rakiya suka yi mini da dariya," ya ce.

Ita ba ta yi dariyar ba. Ta kai yatsa ta shafi gefen filastar.

"Da ta fi haka nitsewa fa? Jiya na ɗauka ka gudu ka bar ni..."

"In gudu in je ina, rabin raina? Bakin faɗa masa ne ba ni da shi. Kan da zan miƙa masa kuwa ina da shi." Ya rage murya. "Na je wurin liman. Sunan yaron Hambali."

Kubra ta toshe baki da tafin hannunta. Ta juya da gudu ta shige gida, ta tarar da mahaifinta zaune shi kaɗai a gindin rumbu. A gaban Gwaggo da matan da suka zo barka, ta shiga ɗaki ta ɗauko yaron da hannunta, ta durƙusa ta ɗora masa shi a cinya.

"Riƙe mai sunanka, Baba," ta ce. "Ni zan tallafe shi ta ƙasa."