Giya a Akwatin Tumatirin Tsoho Pyo

Rana ta take tsaka lokacin da aka kira Sufeto Bang, aka ce an tsinci gawa a wata unguwar kan tudu a birnin Busan. Mota ba ta shiga lungunan nan, dole ya hau da ƙafa, yana tsine wa gwiwoyinsa da wanda ya fara gina gida a jikin dutse.

Mamacin Tsoho Pyo ne. Daga rufin gidansa ya faɗo cikin matsattsen lungun da ya raba shi da maƙwabci, sai da mai kawo gas ya leƙa ya gan shi.

Kafin Sufeto ya iso, unguwa ta riga ta yanke hukunci. Kowa ya ji tsohon da surukarsa Eun-sil, matar ɗansa, suna cacar baki da safe, a kan wurin shanya da tumatir ya cinye. Mijinta ma, da aka tambaye shi, sunkuyar da kai ya yi, ya ce dama ba su taɓa shiri ba. Tana zaune a bakin ƙofa, ɗan sanda tsaye a kanta, jira kawai ake Sufeto ya ɗaga kai a tafi da ita. Shi ma da son ransa ne da ya ɗaga, ya koma ofis inda akwai fanka.

Amma ya hau rufin. Fararen akwatunan kifi ne jere, cike da ƙasa, tumatir ya nuna a jikin sanduna. Akwatin da ke bakin rufi ya goce daga layi, reshe ɗaya ya karye, ƙudaje sun yi masa caa. Ya durƙusa da ƙyar, ya shinshina ƙasar. Giyar shinkafa ce, tsantsarta.

Ya sa aka hawo da Eun-sil.

"Surukinki yana zuba wa shukarsa giya?"

"Yana zubawa, Yallaɓai, amma sai ya tsinka ta da ruwa sosai. Cewa yake tsantsarta ƙona saiwa take. Da ya ga wannan da ya zagi mutum har kakanninsa."

Ta ce bayan faɗan ta wuce kasuwar kifi inda take aiki. Babu wanda ya ga fitarta.

A rufin da ke fuskantarsu wata dattijuwa ce, Gwaggo Yeom, take kwashe shanya tana satar kallo. Sufeto ya sauka, ya sake hawa, ransa a ɓace. Da farko ta rantse idonta ba ya gani. Da ya ce to shi ke nan, za a rufe Eun-sil, sai ta hau murza bakin riga. Ta ce da hantsi ta ga Tak, maƙwabcin Pyo kuma abokinsa tun ƙuruciya, ya tsallaka rufin da kwalba a hannu, ya tsiyaya a akwatin bakin rufi, ya kai goshi ƙasa.

"Sau nawa?"

"Ni dai ban ce komai ba." Ta kau da kai. "Biyu."

Tsoho Tak yana zaune a ɗakinsa, matarsa kwance a gefe tana tari. Bangon da ke jikin lungun ya yi baƙi da danshi tun daga sama har ƙasa. Tak ya ce bai san komai ba sai da ya ji jiniya, kuma rabonsa da rufin Pyo an kwana biyu.

Sufeto ya zauna ba tare da an ba shi wuri ba. Ya gaji da ƙaryar tsofaffi, ta fi ta kowa ban tausayi.

"Baba, mai rai sau nawa ake kai masa goshi ƙasa a gaisuwa?"

"Ɗaya."

"Biyu kuwa ta mamaci ce. To wa ka yi wa biyu da hantsi, tun ba a ga gawa ba?"

Tak ya dubi matarsa. Da ya buɗe baki, a hankali ya yi magana don kada ta ji. Ruwan akwatunan nan ne ke tsiyayowa jikin bangonsa, likita kuma ya ce danshin ke cin ƙirjinta. Ya roƙi Pyo ya matsar da na bakin rufi, Pyo ya ce nan ne rana ta fi bugawa. Yau ya tsallaka zai ja da kansa. Pyo ya riƙe, shi ya ja, sai kawai Tak ya saki, Pyo ya faɗa lungun.

"Na leƙa, na ga ba ya motsi. Tsoro ya hana ni kiran kowa. Amma tamkar yayana ne, Yallaɓai, tare muka yi aikin jirgin ruwa. Ta yaya zan bar shi ya tafi ba wanda ya zuba masa ko kofi ɗaya na giyar bankwana?"

Sufeto bai sa masa ankwa ba. Ya roƙi Gwaggo Yeom ta zauna da mara lafiyar, ɗan sanda ya kama hannun tsohon suka fara gangara, 'yan unguwa na matsawa gefe kamar ba su ne suka cika lungu da hukunci ɗazu ba.

Sufeto ya tsaya gaban Eun-sil, ya ce mata ba ta da laifi. Mijin ya matso da sauri, yana cewa ta tashi, masu ta'aziyya za su fara zuwa, ga miya ba a ɗora ba.

Ta miƙe, ta kakkaɓe siket ɗinta, ta dube shi.

"Ɗazu da aka tambaye ka, me ka ce?"

Ta shiga ciki, ta fito da jakarta, ta bi bayan 'yan sandan zuwa ƙasan tudu.