Ruwan Inabi

Ranar da Maimunat ta fara ganin Chamsou, hoton da ke bayansa ta fara kallo, ba shi ba. Abbanta, Alhaji Sanda mai shagon kayan mota a Ras Al Khor, shi ya aike ta karɓo tikiti a wani ƙaramin ofishin tafiye-tafiye a Al Buteen. Zafin Dubai ya manna mata mayafi a wuya. A bango kuwa ga wani gari bisa tudu, rufin gidajensa jajaye, gonakin inabi sun gangaro har gindin tudun.

"Italiya ce," in ji saurayin, ma'aikacin ofishin, da Hausar Damagaram. "Na yi tsinkar inabi a can ina ɗalibi. In rana ta take sai a rufe shaguna, gari ya yi barci. Jirgin ƙasansu ma a kowane ƙauye sai ya tsaya gaisuwa."

Ta ƙanƙame littafin da ke hannunta. "Ba mai cewa yalla yalla, a yi sauri?"

"Su piano piano suke cewa. Sannu-sannu ke nan, 'Yar Littafi."

Ta fita da tikiti, ta manta littafin. Da ya biyo ta da shi har gidansu a Al Satwa, sai da Gwaggo Turai, ƙanwar Abba, ta leƙo ta taga ta ce, "Wannan littafin da ƙafafunsa ya zo."

Soyayyar ma sannu-sannu ta tafi, har abin ya fara ba ta haushi. Sai da bazara ta zagayo kafin kawunsa ya zo neman izini. Abba bai ce a'a ba, bai ce to ba, don ransa ya fi kwanciya da Abdulganiyyu, ɗan abokin kasuwancinsa, wanda kullum yake falonsu yana shan shayi.

Ana cikin haka ofis ya tura Chamsou Italiya, ya bi ƙananan garuruwa ya nemo masauki da abincin halal ga masu yawon buɗe ido. Saƙonninsa suka zama abincinta.

"Munata, yau wani tsoho ya ɗauki yini guda yana nuna min rijiyar kakansa. Da kina nan da kin rubuta shi."

"Mai Sannu, ka dawo. Nan ko ƙofa ba ta taɓuwa don zafi."

Rannan da la'asar, Abba ya ce ta karanta musu abin da ɗan Nijar yake cewa. Don Abba ya ji hankalin Chamsou, ta karanta da ƙarfi ba tare da ta fara dubawa ba.

"Habibti, an fara girbi. Tsohuwa mai gonar ta ba ni ruwan inabi, na sha kofi biyu, ban taɓa jin daɗi irin wannan ba. In mun yi aure nan zan fara kawo ki."

Abdulganiyyu ya ajiye kofinsa a hankali. "Baba, ruwan inabi fa sunan giya ne na 'yan gayu."

"Na sani," in ji Abba. "Khalas, an gama. Ba zan ba mashayi 'yata ba."

Ta shige ɗaki, ta kira, ta sake kira. Wayarsa a kashe. Ta rubuta:

"Me ka sha, Chamsou? Don Allah ka amsa!"

"Aurenmu na rushewa, kai kana can kana kallon rijiya."

Shiru. Yana wani ƙauye da ba sabis, jirginsa na gaisawa da kowa. Ta tsani piano piano, ta tsani hoton bangon, ta tsani kanta da ta karanta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ita ma zuciyarta ta fara tambaya. Abdulganiyyu kuwa har ya fara kiranta amarya a gaban mutane.

Da saƙon murya ya iso, sai ta ji shi a ruɗe.

"Subhanallahi, Muna! Jus de raisin fa! A gabana aka matse shi da safe. Mu da faransanci muka san sunansa, sai na ce ruwan inabi kamar yadda ake cewa ruwan lemo. To me zan kira shi?"

Ta kai wa Abba wayar, ya kau da kai. "Wanda aka kama ai ba ya rasa fassara."

"Haba Yaya," in ji Gwaggo Turai, "kunu da burkutu ai uwarsu ɗaya, dawa. Ka daina shan kunu?"

"Turai, ban sa da ke ba."

Maimunat ba mai iya gardama ba ce, in ta buɗe baki a gaban Abba kalmomi guduwa suke yi. Don haka washegari ta sauka shagon ƙasan gidansu ta sayo baƙin inabi, ta markaɗa, ta tace, ta sa ƙanƙara. Abba ya dawo daga Ras Al Khor a jiƙe da gumi, Abdulganiyyu na biye da shi. Ta durƙusa ta miƙa musu.

Abba ya shanye, ya miƙo kofi aka ƙara, ya sake shanyewa. "Masha Allah. Wannan fa?"

"Inabi na matse yanzu, Abba. Sai dai ban san sunansa ba. Me ake ce masa?"

"Ke kuwa, ai ruwan ina..."

Ya tsaya, baki buɗe. Ya dubi kofinsa, ya dubi na Abdulganiyyu da ba ko ɗigo a ciki.

"Kofi biyu, Yaya," in ji Gwaggo daga kicin. "Daidai da na mashayin."

 Abba ya shafa gemu. "In yaron nan ya ga damar dawowa, ya zo ya same ni."

Bai saki nan take ba. Sai da ya zaunar da Chamsou ya yi masa tambayoyi kamar mai sayen tsohuwar mota, ya kuma bincika wajen 'yan Nijar na unguwar Deira. Duk bakinsu ɗaya: yaron ko sigari ba ya sha, laifinsa kawai nawa.

Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a, Gwaggo ta yi guɗa har maƙwabta Indiyawa suka leƙo.

Da bazara ta sake zagayowa, suna cikin wani jirgin ƙasa da ya tsaya a wani ƙauyen Italiya ba dalili, gonakin inabi hagu da dama, Maimunat ta jingina da kafaɗarsa.

"Yaushe zai tashi, Mai Sannu?"

"Kina sauri ne?"

"A'a," ta ce, ta kuma yi mamakin gaskiyar da ta faɗa.

Wayarta ta yi ƙara. Abba ne.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba, ya dawo da ku lafiya. Ki gaida mijinki. In tsohuwar ta ba ku abin nan ku sha, amma don Allah ku ce lemon inabi."