Numfashin Da Ya Ƙare a Tsakiyar Aya

A unguwar Gwadangaji an yi wata yarinya mai zaƙin murya da taurin kai. Islamiyyarsu za ta tura ɗalibi ɗaya musabaƙar Alƙur'ani a Argungu. Ita kuwa ta sa wa ranta ita ce za ta je.

Da ta dawo daga boko sai ta zube a tabarma. Ta dunƙule kamar ƙullin wanki, haɓa a ƙirji, tana ta hadda. In ba salla ba, ba mai tayar da ita.

Innarta ta ce, "Ɗiyata, miƙe bayanki. Tashi ki ɗan zagaya gida."

"Inna, da baki nike karatu, ba da baya ba."

"To wuyan ga da kike ta murzawa fa?"

"Ba komi, shina bari."

Ranar gwaji, malamarsu, Malama Riskuwa, ta ja mata doguwar aya. Yarinya ta dunƙule yadda ta saba, ta fara da daɗi. A tsakiyar aya numfashi ya ƙare mata. Ta sake, ya sake yankewa. Ta yunƙura za ta tashi, ashe ƙafa ta sage, ta koma daɓas. Yara suka kwashe da dariya. Ta ji kunya, amma haushi ya fi yawa.

"Malama, ai na fi kowa hadda."

"Ba wanda ya musa. Amma kin danne ƙirjinki, ta ina iska za ta shiga? Sati mai zuwa muna sakewa. In kin kuma, Mansur za shi."

Mansur ne ya fi kowa yi mata dariya. Yarinya ta ce, "Wallahi ba shi zuwa ina nan."

Sai taurin kan nan ya samu aikin yi. Ta koma zama a miƙe. Ta ɗora Alƙur'ani a kan matashi don kada ta sunkuya. In ta gama shafi sai ta tashi, ta yi miƙa, ta taka zuwa zaure ta dawo. Ƙannenta suna kiranta soja, ko kallo ba su ishe ta ba.

A gwaji na biyu ta ja ayar har ƙarshe, da sauran numfashinta.

Malama ta yi murmushi ta ce, "Ki gaya ma Inna ta shirya miki kaya, ke za ki Argungu."

Yarinya ta ruga gida da murna. Tun daga ranar ta gane cewa mai dogon zaman karatu sai ya zauna a miƙe, ya riƙa tashi yana motsa jiki.