Matar da Jarida Ta Kashe

A jikin takardar da mai shago ya naɗe mata sabulu Inna ta ga fuskarta. Guntun jarida ne, shafin ƙananan tallace-tallace, ga hotonta tsakanin tsohuwar mota da injin niƙa. Ba ta iya karatu ba, amma ta san goshinta.

Ta miƙa wa telan da ke haya a shagon ƙofar gidanta. Ya karanta, ƙafarsa ta tsaya cak a kan keke.

"Inna, wai kin rasu. Mai magana a kan gidan nan ya fito kafin a sauya suna."

"To, gawa ke tambayarka. Kai ka kai?"

"In an sayar da gidan, ina zan kai kekena? Ni ma makoki nake, kajina sun mutu tas a bakin kwatarki."

Ta cire shi daga waɗanda take zargi. Sai ƙanin marigayi mijinta, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan gidan.

"Haba matar yaya! Ni zan biya jarida? Ai kyauta zan bi gida-gida ina faɗa."

Marowaci ne na gaske, kuma rabonsa da ɗakinta tun ranar rabon gado. Shi ma ta cire shi.

A ofishin jaridar, mai karɓar talla ya dube ta, ya dubi hoton, ya ja kujera baya.

"Wa ya kawo?"

"Mama, ni kalmomi nake ƙirgawa, ba na kallon fuska."

"Yaushe?"

"Da wuri muke rufe shafin nan. Mai son tallarsa ta fito, tun mako guda kafin nan yake kawowa."

Ya zaro hoton daga aljihun tebur. Gefensa a ƙone. A akwatinta hoton nan yake zama, makullin kuma a ƙarƙashin matashinta.

Da Auta, ɗan ƙanwarta da ta goya da bayanta, ya shigo da kwalbar magani, ya tarar da ɗan sanda zaune a kan turmi.

"Inna, lafiya?"

"Sha."

"Ai naki ne."

"Cokali ɗaya. Sha, ɗan albarka."

Bai sha ba.

Inna ta juya ga ɗan sandan. "Ranka ya daɗe, lokacin da aka kai tallar nan zazzaɓi kawai nake yi. Wa ke sanar da mutuwar mai zazzaɓi, in ba wanda ya san ranarta ba? Shi ke gyara mini matashi. Shi ke kawo wannan abu mai ɗaci, ni kuwa in ya juya baya kwata nake zubawa. Kajin tela suka sha a madadina. Ya ɗauka tunda ban san baƙi ba, jarida ba za ta yi mini magana ba. Ya manta da hoto."

Aka sa masa ankwa. Yana "Inna! Inna!", ko ɗagowa ba ta yi ba.

Washegari ta koma ofishin, ta dangwarar da hoton a tebur.

"Ku kuka kashe ni, ku za ku tashe ni. A shafin nan dai, kuma da hoto."

"Sai mako mai zuwa zai fito, Mama."

"Zan jira. Ni ba na riga Allah."